Ɗakin ɗaukar murya a gida: mi za ka fara saye in kuɗinka kaɗan ne?

Yau murya ta zama sana'a. Gidajen radiyo, tun daga na Yamai har zuwa ƙananan radiyoyin karkara, suna watsa sanarwa da talla cikin Hausa kowace rana. Ƙungiyoyi masu zaman kansu suna shirya saƙonni game da rigakafi, da noma, da sa yara makaranta. Ko ɗan kasuwa mai yawo da lasifika a Maraɗi ko Damagaram yana neman wanda zai ɗaukar masa tallar hajarsa. In ka koyi karatu, kuma Allah ya hore maka murya, kana iya yin wannan aiki daga gidanka. Sai dai kayan aikin suna da yawa, kuɗi kuma kaɗan ne. Dole ka san wanda za ka fara saye da wanda zai jira.

Wani saurayi da ya gama ajinmu na yaƙi da jahilci ya sayar da ragonsa, ya aika aka sayo masa makirufo mai tsada. Ya kafa shi cikin ɗakin siminti mai rufin kwano, ya karanta talla, ya kai ma wanda ya ba shi aikin. Aka mayar masa. Da na saurara, sai na ji kamar daga cikin rijiya yake magana, ga kukan akuya, ga ƙarar injin niƙan maƙwabta. Makirufon ba shi da laifi, duk abin da ya ji shi ya ɗauka. Rago ya tafi, aiki bai samu ba. Abin da ya kamata ya fara gyarawa kuwa ba ya cin ko dala.

Gyara ɗaki tukuna

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 cikin daƙiƙa ɗaya. In ka yi magana cikin ɗaki, muryarka tana bugun bango ta dawo, ta bugi daɓe da rufi ta sake dawowa, duka kafin ka rufe baki. Kunnenka ya saba da wannan amo, shi ya sa ba ka lura da shi. Makirufo kuwa ba ya sabawa. Abu mai tauri da santsi, kamar siminti da kwano da gilashi, yana mayar da sauti. Abu mai laushi da kauri yana shanye shi.

Gwada ɗakinka haka: tsaya a tsakiya, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. In ka ji ɗakin ya amsa, akwai aiki a gabanka. Shimfiɗa tabarma ko darduma a ƙasa. Jingina katifa a bangon da ke bayanka. Ɗaura igiya, ka rataya barguna masu kauri dama da hagu, ka bar ɗan fili tsakanin bargo da bango, domin haka ya fi shanye sauti. Ɗakin da ke cike da tufafi da buhunan hatsi ya fi fankon ɗaki. Sake tafawa. Kunnenka da kansa zai gaya maka bambanci.

A nan mutane da yawa suke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Kashe amon cikin ɗaki daban, tare ƙarar waje daban. Bargo da katifa suna kashe amo, amma ba su hana kukan babur shigowa. Abin da ke tare ƙarar waje shi ne nauyi da kauri, da toshe kafofi. Saboda haka kada ka raina ɗakin ƙasa. Katangar ƙasa mai kauri da rufin azara sun fi rufin kwano nesa ba kusa ba, musamman da damina, lokacin da ko yayyafi ya isa ya ɓata maka aiki. Toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ka rufe taga da labule mai nauyi. Za ka ga wasu suna manna kwalayen ƙwai a bango. Ba su tare ƙara, amon da suke ragewa ma kaɗan ne, ga su da saurin kama wuta. Soson da ake sayarwa don sitidiyo shi ma amo kawai yake ragewa.

Ƙarar da ba ka iya tarewa, sai ka kauce mata. Zauna kwana biyu kana lura da unguwarku: yaushe injin niƙa yake tsayawa, yaushe yara suke kwanciya. A wurare da yawa tsakiyar dare ya fi, kafin zakara ya fara cara. Fanka ma abokiyar gaba ce. Na san wahalar kashe ta a watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Tawa ko Maraɗi. Dabarar ita ce ka ɗauki murya minti biyar ko goma, ka tsaya, ka kunna fanka, ka sha ruwa, sa'an nan ka ci gaba.

Bari in yi maganar malamai kaɗan, don ita ma ba ta cin kuɗi. Karanta takardar sau uku da ƙarfi kafin ka fara ɗauka. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali ko karin sauti. “Gari” da mutane ke zaune ciki da “gari” na tuwo rubutunsu ɗaya ne, ma'anar jimla ce za ta nuna maka wanne ake nufi. Lura kuma da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Mai sauraro yakan haƙura da ƙaramin amo, amma in ka karanta “kafa” a wurin “ƙafa”, dariya zai yi, saƙon kuma ya ɓace.

Kuɗin farko

In ɗaki ya gyaru, fara gwaji da salular da ke hannunka. Kuɗinka na farko kuwa, sa shi a abin sauraro na kunne, wanda ma'aikatan radiyo ke ce ma kask. Nemi irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, mai waya. Ba za ka gyara kuskuren da ba ka ji ba, lasifikar salula kuma tana ɓoye ƙara da yawa.

Bayan shi sai abin da zai riƙe makirufo. Hannu yana motsi, motsin kuma yana shiga cikin ɗauka. Kana kuma buƙatar ɗan kyallen da ke tare iskar baki, wadda ke bugun makirufo in ka furta “b” ko “t” ko “f”. Wannan ba sai ka saya ba: lanƙwasa waya ta zama zobe, ka ja siririyar safa a kanta, ka sa ta tsakanin bakinka da makirufo. Bar tazarar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, ka ɗan karkatar da baki gefe. In ka yi nisa, ɗakin za a ji fiye da kai.

Yanzu ne lokacin makirufo

Iri biyu ne aka fi amfani da su. Akwai wanda ake kira kondansa. Yana da saurin ji, yana ɗaukar ko ƙaramin motsi, kuma yawancinsu suna buƙatar wuta ta musamman mai volt 48. A sitidiyon da aka gina don aikin, yana da kyau ƙwarai. Irinsa ne saurayin nan ya saya. Akwai kuma dinamik, irin wanda mawaƙa da masu wa'azi suke riƙewa. Ba ya buƙatar wannan wuta, ya fi jure ƙura da zafi da faɗuwa, kuma tun da kusa da baki ake magana da shi, ƙarar ɗaki ba ta cika rinjayar murya ba. Ga gida irin namu, shi nake ba ka shawara.

Shure SM58, wanda aka fara ƙerawa a 1966, sananne ne a wannan iri, amma jabunsa sun yi yawa. In an yi maka tayinsa da arha ƙwarai, ka yi shakka. Akwai kuma irin su Samson Q2U masu kafa biyu: ta USB, wadda ke shiga kwamfuta kai tsaye, da ta XLR mai haƙora uku, ta kayan sitidiyo. Amfanin wannan shi ne yau ka yi aiki da USB, gobe in ka ƙara kaya ba sai ka canza makirufo ba. Wayoyin Android da dama suna karɓar irinsa ta wani ɗan mahaɗi da ake kira OTG. Kowanne za ka saya, tafi da kask ɗinka ka gwada shi a gaban mai shago. In ka gama aiki, rufe shi cikin akwati ko jaka, musamman da hunturu.

Sai batun wuta. In kana jin wani gunji maras yankewa cikin abin da ka ɗauka, cire wayar caji daga kwamfuta ko salula ka sake gwadawa. Sau da yawa daga nan yake shigowa. Caja kayanka tun da rana, ka yi ɗauka da batir. Haka ko an ɗauke kuran ba ka tsaya ba, kuma ba ka kunna injin wuta da zai cika gida da ƙara ba.

Abin da zai iya jira

Manhajar gyaran murya ba sai ka biya ba. Audacity kyauta ce tun fitowarta a shekarar 2000, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Da ita za ka yanke kuskure, ka daidaita ƙarfin murya. Adana aikinka a tsarin WAV. In za ka aika ta WhatsApp, aika shi a matsayin takarda, kada ka sake ɗaukarsa kamar saƙon murya, domin saƙon murya ana matse shi, ingancinsa ya ragu.

Na ƙarshe shi ne ƙaramin akwatin da ke shiga tsakanin makirufo da kwamfuta, wanda ake kira kart son, irin su Focusrite Scarlett. Yana ƙara ma murya ƙarfi da tsabta, amma ba ya gyara ɗaki mai amo. Kada ka ci bashi ko ka sayar da dabba dominsa. Daga kowane aiki da aka biya ka, ware wani abu, ko da jika guda ce. Ka saye shi ranar da kake son ɗaukar mutum biyu tare, ko ranar da ka saurara da kask cikin dare, ɗaki shiru, ka ji ƙarar da ta rage daga cikin na'urar take fitowa. In don mutum biyu ne, tabbatar ka zaɓi mai kafar makirufo biyu.