Shin Ko Kun San Daga Ina Atamfa Ta Samo Asali?

Shin ko kun san cewa atamfar da ake jerawa a akwatin lefe jikar wani zane ce na tsibirin Jawa, a ƙasar Indonesiya? Sunansa batik, kuma da kaki ake zana shi.

Ga yadda ake yi. Mace za ta zauna a 'yar kujera, farin yadi na rataye a gabanta, kaki na narkewa cikin ƙaramin kasko a gefenta. A hannunta akwai canting, wani ɗan mazubi na jan ƙarfe mai siririn baki da mariƙin gora. Sai ta ɗebo kakin, ta hura bakin don kada ya toshe, ta shiga ɗiga shi a kan yadin, ɗigo bayan ɗigo. Duk inda kaki ya hau, rini ba ya kamawa. Bayan an tsoma a baba, sai a kankare kakin ko a tafasa yadin ya fita, a sake shafawa domin launi na gaba. Zane mai kyau ciki da baya ake shafa masa, shi ya sa guda ɗaya kan ci watanni. Wallahi wannan haƙurin ya cancanci a jinjina masa.

Kun san me mutanen Jawa suke kiran kakin? Malam!

A fadojin Yogyakarta da Solo akwai zanen da ake kira parang, wanda a da talaka bai isa ya ɗaura ba, sai jinin sarauta. Mutanen Cirebon kuwa gizagizai suke zanawa.

A ƙarni na 19 Turawan Holan suka yi ta ƙoƙarin kwaikwayon batik da inji, cikinsu har da kamfanin da ya zama Vlisco, wanda aka kafa a 1846. Kakin injin yakan tsage, rini ya kutsa ya bar siraran jijiyoyi. Mutanen Jawa suka ga aibi ne, suka ƙi saye. Da kayan suka sauka a gaɓar Ghana ta yau, jijiyoyin nan su mata suka so, kasuwa ta buɗe har ta iso Kantin Kwari.

Ranar 2 ga Oktoba, 2009, UNESCO ta sanya batik cikin gadon al'adun duniya. Duk shekara a wannan rana, 'yan Indonesiya batik suke sawa su tafi aiki da makaranta.