Ɗan Aike Kuka Kama, Ba Mai Saƙo Ba

Da zarar an kwashe wa wani kuɗi daga walat, sai 'yan kirifto su garzaya shafin Etherscan, su kwafo adireshin da ke gurbin mai aikawa, su watsa a WhatsApp wai ga ɓarawo. Sau da yawa ɗan aike suka kama.

A Ethereum babu hada-hadar da ke wucewa sai an biya kuɗin aiki, wato gas, da ETH. Don a sauƙaƙa wa wanda ba shi da ko sisin ETH, aka ƙirƙiro hanyar da zai sa hannu kawai kan umarninsa, wani ya shigar, ya biya. Kamar saƙon da ka ba direba a tasha ne: sunansa ke littafin 'yan kamasho, shi ya sayi mai, amma wasiƙar taka ce. Ita kuma kwangilar da ke karɓa, wato manhajar da za ta aiwatar da umarnin, hannun da ya miƙo mata kaɗai take gani.

Ƙa'idar ERC-2771, wadda aka gabatar a 2020, ita ta warware wannan. Ɗan aike zai kai saƙon wurin wata amintacciyar kwangila, ta tantance sa hannun, ta duba lambar jeri don kada a maimaita umarni ɗaya sau biyu, sannan ta liƙa adireshin mai saƙo, bayit 20, a wutsiyar bayanan. Kwangilar ƙarshe ba ta sake bincike. In dai daga amintacciyar ya fito, ta karanta wutsiya ta yarda.

Yardar nan ce ta jawo fitina a Disamban 2023, lokacin da kamfanin thirdweb ya sanar da ɓaraka a kwangilolinsa. Inda aka haɗa ƙa'idar da Multicall, mai dunƙule umarni da yawa wuri guda, mugu na iya cusa adireshin wani a wutsiyar umarni na ciki, kwangila ta ɗauka mai adireshin ne ke magana.

Wannan laifin masu rubuta manhaja ne. Namu sakacin ya fi ban haushi: mutum ya ga shafi ya ce sa hannu, ba a nemi gas ba, sai ya ce ai kyauta ce, ya danna bai karanta ba. Alhali sa hannun shi ne umarnin gaba ɗaya. Gas ɗin kuwa, wanda zai kwashe maka dala dubu ba zai ji ƙyashin biya maka shi ba.