Tsohuwar A-kori-kura da Ciwon Zafin Inji

Maganarmu ta yau a kan tsohuwar mota ce, watau a-kori-kura ƙirar Peugeot, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Duk wanda ya san Kaduna ya san ta, gama ita ce ke ɗebo masara da itace daga ƙauyuka, ta biyo ta Kawo ko ta Mando, ta sauke a kasuwa.

Asalinta kuwa, a Faransa aka fara ƙera samfurin 404 cikin shekarar 1960, sa'an nan 504 ta biyo baya cikin 1968. Cikin 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, ƙetaren kogi, aka shiga harhaɗa su nan gida. Yau an daɗe da daina ƙera su, amma da tsohuwar zuma ake magani. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da halin sabuwa, ga shi kuwa makanikai sun san cikin wannan ciki da bai, kayan gyaranta kuma ana neman su a Panteka. Saboda haka mutum kan sayi wadda ta gaji, ya ta da ita, ya ci abinci da ita.

To, amma akwai ciwo ɗaya da ke addabar irin wannan mota, shi ne zafin inji. Dalili kuwa, fankarta ta asali inji ne ke juya ta da fambel. Kadan mota na gudu bisa hanyar Zariya, iska na dukan lagireto, ruwa ya huce. Kadan ta shiga cunkoson Kawo ko na titin Ahmadu Bello cikin watan Maris ko Afrilu, sa'ad da zafin gari ke haura digiri 35, inji na juyawa a hankali, fanka ma a hankali, sai ruwa ya tafasa. Kan injin nan kuwa na alminiyam ne, ba ya jure wannan. In aka maimaita, gaskit ya ƙone, kan ya karkace, jarin mai mota ya tafi.

Don haka ne masu ta da tsofaffin motoci suka koma ga fankar lantarki, wadda ke juyawa da ƙarfinta ko da mota na tsaye. Dabara ce mai kyau, amma mutane da yawa daga gare ta suke farawa, alhali kuwa ita ce ta ƙarshe. Ga yadda aikin ya kamata ya jeru.

Na farko, lagireto. Ruwan rijiya da ake ɗura masa shekara da shekaru yana barin dasashi a cikin bututunsa, ƙurar hunturu kuma tana toshe shi daga waje. Fanka ba ta maganin lagireton da ya toshe. A wanke shi, a duba famfon ruwa da robobi, a sa murfi mai kyau, domin murfin ne ke riƙe matsi, ya hana ruwa tafasa da wuri. Kada kuma a yarda a cire tamostat, watau ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya in ya kai kusan digiri 80. Injin da ke aiki da sanyi mai yake sha, yana kuma saurin cinyewa.

Na biyu, altaneta, watau abin da ke haifar da wuta ya cika batir. Ta tsofaffin motoci ba ta cika wuce amfiya 35 zuwa 50 ba, na farkon 404 ma dainamo gare su, wanda ba ya ba da wutar kirki in inji na a hankali. Fankar lantarki guda kuwa takan ja amfiya 10 zuwa 20, manyan fitilu biyu su ja kusan 10. Ka ga in aka ɗora fanka biyu bisa tsohuwar altaneta, batir ne zai riƙa biyan bashin, har wata safiya a murɗa makulli a ji shiru. Sai a nemi mai ba da amfiya 70 zuwa 90, a daidaita ta sosai da layin fambel. Shaidar aiki ya yi kyau ita ce, in inji na aiki, a auna batir a ga bolt 13.8 zuwa 14.4.

Na uku, waya. Wuta mai yawa ba ta bin siririyar waya lafiya, zafi take yi har ta narke. Tilas a sa mai kauri daga altaneta zuwa batir, a ba fanka fis nata da rile nata. Mai sayen sabuwar altaneta ya bar tsohuwar waya, garin neman gira zai rasa ido, gama gobara ba ta barin ko taya.

Na huɗu, ita fankar. A ɗaura ta bayan lagireto, ta riƙa zuƙo iska, in wuri ya samu, a kuma haɗa ta da makunnin zafi, wanda zai ta da ita in ruwa ya kai wajen digiri 90, ya kashe ta in ya huce. Haɗin nan da wasu ke yi, fanka ta kama juyawa da an murɗa makulli, gajiyar da ita kawai yake yi.

Ya kai mai a-kori-kura, kadan kuɗinka bai isa aikin duka a lokaci guda ba, to, bi shi daki-daki yadda muka jera, kada ka fara daga ƙarshe don araha. Wanda ya wanke lagireto ya tsaya nan, ya fi wanda ya sayi fanka biyu ya bar sauran. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya: a yi gyaran nan tun cikin sanyi, kafin bazara ta kama.

Iyakar abin da ya samu ke nan. Wassalam.