Wa ke Koya wa Yaranmu Waƙa, Me Kuma Muke Biyansa?

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da sabuwar manhajar firamare da ƙaramar sakandare a farkon shekarar karatu ta 2025/2026, iyaye ke tafka muhawara a majalisu, daga bakin tashar Ƙauran Namoda har kasuwar Shinkafi. An rage yawan darussa, an shigo da sana'o'i irin su haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya, kowa ya ce madalla. Abin da ya tsaya wa wasu a rai shi ne darasin al'adu da fasaha, wanda ya ƙunshi zane da wasan kwaikwayo da waƙa, yana nan daram ba a taɓa shi ba. Masu zafi na cewa, "Karatu muka kai yaro, ba roƙo ba." Masu sassauci kuma cewa suke yi, "Waƙa ai baiwa ce, wa ke koyar da ita?"

Maganar masu sassaucin ta fi ɓarna, domin ita ce ta sa muka yi shekara da shekaru muna cin gumin wani ma'aikaci ba tare da mun yarda cewa aiki yake yi ba.

Je ka walimar saukar karatu a Sakajiki ko Zurmi, ko duk wani gari na wannan yanki. Kafin malamai su fara jawabi, za ka ga 'yan mata ashirin ko talatin sun jeru cikin hijabi iri ɗaya, ɗaya tana ja, saura suna amshi. Su ɗauka tare, su sauke tare, su yi shiru tare. Haka a watan Maulidi, in yara sun ɗauko ƙasida. Haka kuma da safe a filin firamare. Iyaye su yi ta murmushi, ana ɗaukar bidiyo da waya, ana cewa yaran nan Allah ya ba su murya. Ba mai tambayar wanda ya kwashe makonni yana tsayawa da su bayan la'asar har abin ya daidaita.

An ga amfanin wannan mutum ƙarara a 2024. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka daina rerawa tun 1978. Mafi yawan malaman da ke aji a yau ba su taɓa rera shi suna ɗalibai ba. Umarni ya sauka, aiki ya faɗa kan malamin nan guda da hedimasta ya san yana da kunne. Shi ya nemo taken a waya, ya saurara, ya haddace, ya rubuta a allo, ya yi ta maimaitawa da ɗaruruwan yara waɗanda Turancin kansa bai zauna musu a baki ba. Ya yi, an wuce wurin, ko sannu bai samu ba.

To mene ne ainihin aikin? Murya dai daga tantani biyu take fita a maƙogwaro, waɗanda iskar huhu ke kaɗawa. Na yaro gajeru ne, suna kaɗawa kusan sau 250 a daƙiƙa idan yana magana. In namiji ya kai balaga, galibi tsakanin shekara 12 da 15, tantanin ya ƙara tsawo da kauri, kaɗawar ta sauka zuwa kusan 120. A tsakanin nan ne murya ke fashewa, yau siririya gobe ƙatuwa. Malamin da bai san haka ba sai ya ɗauka yaron iskanci yake yi, ya dake shi ko ya kore shi daga sahu. Wanda ya sani kuwa sai ya sauya masa wuri, ya ba shi amshin ƙasa har muryar ta zauna. Haka nan ihu: yaron da ake sa wa ya yi ta ɗaga murya don ya rinjayi lasifika, ga ƙurar hunturu, tantanin nasa kan yi kanta, murya ta dushe, wani lokaci ta daɗe ba ta dawo ba. Sanin inda za a ja numfashi, da yadda za a tura sauti daga ciki maimakon matse wuya, ilimi ne da ake koya, ba a haihuwar kowa da shi.

Sai kuma harshen kansa. Waƙar Hausa a kan doguwar gaɓa da gajera take tafiya, ga karin sauti wanda in ya karkace ma'ana ta karkace, ga amsa-amo. In ƙasidar ta Larabci ce, kamar Ishiriniyar Alfazazi ko Burdar Busiri, sai an kula da mafitar haruffa, kada daɗin rauji ya sa a ja abin da ba a ja. Malamin ke tsare duk wannan.

Abin da ya fi wuya shi ne haɗa muryoyi da yawa su zama ɗaya, kuma nan ne masu cewa baiwa ce suke kuskure. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san lugude. Kowace yarinya ta iya daka ita kaɗai. Amma sa uku a turmi ɗaya ka gani: in ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa da ƙiftawar ido, taɓare su haɗu, hatsi ya watse, wata ma ta ji ciwo. Ƙarfin hannu bai isa ba, sai kowace ta koyi sauraron taɓaryar 'yar'uwarta fiye da tata. Wannan sauraron shi malamin waƙa ke dasawa a yara talatin lokaci guda. Yaron da ya fi kowa zaƙin murya sau da yawa shi ya fi ɓata amshi, domin kansa kawai yake ji. Yaron da ya koyi jiran lokacinsa, ya koyi rage murya don a ji na kusa da shi, ya samu tarbiyyar da za ta bi shi har aji da masallaci da kasuwa.

Abin mamaki shi ne a ƙasar Zamfara ake wannan gardama, inda aka fi ko'ina sanin cewa waƙa makaranta gare ta. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗan kotso, ba shi kaɗai ake ji a faifansa ba. Rabin daɗin yana bakin 'yan amshi, masu karɓar ɗan waƙa su ƙarasa shi, su yi ƙari, su mayar da gindin waƙa daidai inda ya kamata. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan wansa Kurna, har ya riƙe muƙamin Daudun Kiɗi kafin ya ja nasa ayarin. Sa'idu Faru kuwa laƙabinsa ma Malamin Waƙa. Waɗannan mutane suna da matakai: yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga amshi, ya zama na hannun dama, sannan ya zama jagora. Wanda ya karanta ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗan Hausa ya san tsari ne tsayayye.

Ga mai cewa ai waɗancan makaɗan fada ne, ba ruwansu da ilimi, sai a tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta zaɓi mata dattijai, ta naɗa su jajoji da malfa, ta ba su waƙoƙin da ta tsara a kan tauhidi da tsarki da tarihi, su kuma suka bi ƙauyuka suna rera su tare da 'yan taru har su zauna a ka. Ta gane cewa abin da aka rera tare ya fi wuyar mantuwa. A kusa-kusan nan ma, Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya ajiye aiki a 1950, ya ɗauki wasan kwaikwayo da waƙa a matsayin kayan koyarwa da wayar da kai.

Yau mai wannan aiki ta ƙofa uku yake shigowa. Na farko malamin Islamiyya ne, ko malama, wanda galibi shi ma tsohon ɗan amshi ne a makarantar. Abin da yake samu bai wuce ɗan abin da aka tara na kuɗin wata ko kuɗin Laraba ba, sai ranar walima a ba shi shinkafa da lemo. Na biyu malamin gwamnati ne mai takardar NCE a Hausa ko Larabci ko nazarin zamantakewa, aka ɗora masa darasin al'adu da fasaha don jadawalinsa na da sarari. Tun manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 aka cure zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi ɗaya, ana sa ran mutum guda ya iya duka ukun. Na uku yana majami'u, a Gusau da Ƙaura da sauran garuruwan da Kiristoci ke zaune, inda ƙungiyoyin mawaƙa na matasa da Sabon Rai da Zumuntar Mata ke rera waƙoƙi da Hausa. A nan ne aka fi samun wanda ya iya karanta alamomin do-re-mi, ya raba muryoyi kashi huɗu. Shi ma yawanci aikin sa kai yake yi bayan ya taso daga shago ko ofis.

Duka ukun ciwonsu ɗaya: babu tsani. Malamin lissafi ya san in ya ƙaro karatu zai hau mataki. Wanda ya shekara goma yana horar da mawaƙan makaranta ba shi da takardar da ta ce ya iya, ba muƙami, ba alawus. In ya so karatun fannin, galibi sai ya nufi nesa, kamar jami'ar Nsukka, wadda ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ko Pankshin a Filato, inda zai tarar da abin da ake koyarwa bai cika haɗuwa da ƙasida da bandiri ba. Saboda haka mai hazaƙa a cikinsu ba ya daɗewa. Ko ya tafi Kano ya shiga sitidiyo, ko ya jira kakar zaɓe ya yi wa ɗan takara waƙa, ko ya sayi babur. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ba ta tsinana wa wanda ya gudu tun yana ɗan talatin komai ba.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Bayan sace ɗaliban Jangebe a Fabrairun 2021 da na Kaya a Satumban shekarar, an rufe makarantu a jihar Zamfara, Sakajiki kanta ta sha hari a Oktoba. Darasin lissafi ana iya ci gaba da shi daga shafin da aka tsaya. Ƙungiyar mawaƙa kuwa in ta watse wata shida, wasu sun yi hijira, wasu an aurar, wasu murya ta fashe, sai a koma farko. Ga shi lokacin gwaji, yamma da bayan isha'i, shi ne lokacin da uwa ba ta yarda ɗanta ya leƙa waje.

Masu tsoron roƙo suna da 'yar gaskiya, kuma ya kamata a ba su ita. Akwai makarantun da suka mai da yara jarin neman kuɗi: a jera su gaban mai hali, a saka sunansa a baiti, a yi ta liƙi a goshin yarinya 'yar shekara tara. Akwai kuma al'adar fito da ɗalibai tun hantsi su tsaya a rana suna jiran babban baƙo da ba zai iso ba sai la'asar, su yi masa waƙar maraba ta minti uku, ya wuce. Amma wannan laifin manya ne, masu shirya taro da masu son a yabe su. Malamin da ke da albashi da mutunci shi ne zai iya cewa a'a. Wanda aka bari da yunwa, liƙin ne abincinsa.

Mun kuma san yadda ake gyara irin wannan, domin mun taɓa yi. Kafin 1986, lokacin da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, mai horar da yara tajwidi ba shi da wani suna a wajen unguwarsa. Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ba a kuma haɗa su, amma darasin tsari a bayyane yake: da aka sa gasa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, aka sa alƙalai da ma'auni da kyauta, sai horarwa ta zama sana'a mai daraja. Maƙwabtanmu na Nijar ma, a zamanin Seyni Kountché, sun yi amfani da ƙungiyoyin Samariya da bikin matasa na ƙasa, inda jihohi ke karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, daga baya aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Taya a Yamai.

Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, an kuma ga gini da fenti. Abin da ake nema a nan bai kai kuɗin katangar makaranta ɗaya ba. Kwalejin Ilimi ta Maru na iya shirya kwas na hutu, sassan Hausa da Larabci su haɗu da tsofaffin 'yan amshi da sha'irai da masu horar da mawaƙan majami'a, a koyar da lafiyar murya da karin waƙa da riƙon yara, a ba da takarda. Sakatarorin ilimi na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi na iya rubuta aikin a takardar malami, ya shiga lissafin ƙarin girma. Iyaye kuma, masu ware kuɗin rumfa da kujeru da lasifika ranar sauka, su ware na wanda ya horar da yaran, a ba shi a ambulan kafin taro, kada ya tsaya jiran abin da za a tsinta a ƙasa bayan an watse.