Dush marar mataki: sauƙi ga tsofaffi, jarrabawa ga magina

Duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya leƙa gidajen da ake ginawa, zai lura cewa makewayi ya bar ƙarshen tsakar gida ya shigo cikin ɗaki. Mai neman haya ma, kafin ya tambayi kuɗin wata, sai ya tambaya ko akwai dush a ciki. To cikin wannan yayi ne wani salon wurin wanka ya fito, wanda masu jin faransanci ke kira dush irin na Italiya. Babu baho, babu dakali, babu matakin da za a tsallaka. Daɓen ɗakin guda ne tun daga ƙofa har wurin wanka, sai ɗan gangare da ke kai ruwa ga rariya, wani lokaci kuma da gilashi ko guntun bango a gefe guda.

Ni dai wahala ce ta sanar da ni wannan abu. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata, wadda ta haura saba'in, ta zo gidana jinyar ciwon gwiwa. Dush ɗin ɗakin da muka sauke ta yana da dakali mai tsawon taƙi guda. Wata asuba ta ɗaga ƙafa za ta sauko, santsi ya kwashe ta. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba, amma ta yi mako biyu ba ta iya tsayuwa sai da taimako. Da ta ji sauƙi sai ta ce mini: « Kai ɗan nan, mu da muka shekara saba'in muna wanka a ƙasa, mi ya kai ku ɗora wanka bisa dakali? »

Maganar Inna gaskiya ce. Makewayin kakanninmu ba shi da mataki. Bambancin kawai, shi yana waje: rana na busar da shi, ƙasa na shan ruwan, saura kuma ya bi rariya zuwa gologo. Amma da wanka ya shigo ɗaki, ruwa ba shi da wurin zuwa sai inda magini ya nuna masa. Amfanin dush marar mataki da illarsa duk daga nan suka taso.

Abin da ake samu a ciki

Na farko shi ne tsaron lafiya. Hukumar lafiya ta duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa faɗuwa na kashe mutane kimanin 684.000 kowace shekara a duniya, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa ta wannan hanya. Ga tsoho, karayar ƙugu sau da yawa ita ce mafarin kwanciya. Mace mai ciki, mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda ke bisa keken guragu, dukkansu mataki guda na iya raba su da yin wanka da kansu, alhali kowa na son ya rufa wa kansa asiri a wannan wuri. Saboda haka ne ƙasar Faransa ta kafa doka a watan Satumba na 2020, wadda ta fara aiki a 2021, ta wajabta dush marar mataki a wani kaso na sababbin gidaje, musamman na ƙasa da na benayen da ke da na'urar hawa.

Na biyu, ya dace da yadda muke rayuwa. Ranar da pampo ya ɗauke, sai ka shiga da bokiti da moɗa, ka ajiye kujera ƴar tsuguno, ka yi wankanka kamar yadda aka saba. Uwa na iya wanke yara biyu a tare, mai jinya kuma na samun wurin tsayawa kusa da majinyaci. Baho ba ya ba da wannan dama, ga shi cika shi na cin lita 150 ko fiye.

Na uku, tsabta. Babu lungu da saƙo inda dauɗa ke maƙalewa, da tsintsiya da bokiti guda an gama. Ƙaramin ɗaki kuma yakan yi kamar ya ƙara faɗi.

Inda gizo ke saƙa

Bayan faɗuwar Inna na sa aka fasa dakalin, aka shimfiɗa karo. Aikin ya yi kyau a ido, na biya ina murna. Wankan farko, ruwa ya bar rariya ya nufi ƙofa. Bayan wata shida fentin bangon ɗakin kwana ya fara kumbura daga ƙasa, tabarma na warin damshi. Dole aka sake fasawa, na biya sau biyu. Araha ba ta ado.

Abin da na koya shi ne, darajar wannan dush tana ƙarƙashin karo, inda ido ba ya gani. Daɓen na bukatar gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya nufi rariya daga ko'ina. Idan ya gaza haka ruwa ya kwanta, idan ya yi yawa kuma ƙafa ta zame. Sannan karo kansa ba ya hana ruwa wucewa gaba ɗaya, domin ruwa na bi ta tsakanin layukan da aka cike da siminti. Sai an shafa maganin hana yoyo ko an shimfiɗa ledarsa a ƙasa, a haɗa har da gindin bango da kusurwoyi, kafin a jera karo. A gidan bene, sakaci a nan yana nufin ruwa ya ɗiga bisa kan na ƙasa, ya kuma sa ƙarfen cikin kankare tsatsa. A gidan laka da aka yi wa shafen siminti abin ya fi muni, tunda damshi a gindin bango shi ne abin da ginin ƙasa ya fi tsoro, ga kuma gara da ke bin sanyi.

Akwai kuma santsi. Da yawa daga cikinmu na zaɓen karo mai sheƙi saboda kyau, irin na falo. Idan ya haɗu da ruwa da sabulu, an cire mataki an kawo abin da ya fi shi haɗari. Ana son karo mai kaushi ko ƙanana masu layuka da yawa, waɗanda tafin ƙafa ke kamawa.

Fallatsa ma matsala ce. Idan wurin ya yi ƙanƙanta kuma babu shamaki, ruwan wanka zai jiƙe ɗakin duka har bakin masai, mai son tsarki kuma ya shiga shakkar inda zai taka ko ya rataye tufafinsa. Gilashi na maganin wannan, amma sai mai kauri wanda aka gasa, irin wanda idan ya fashe yake marmashewa. Gilashin taga ba na wurin wanka ba ne. Ga shi kuma ƙurar hunturu da tabon ruwa ba sa barinsa ya yi haske sai da goge-goge kullum. Guntun bango mai karo ya fi shi sauƙin kuɗi da juriya.

Ruwa, sanyi da wari

Galibi ana haɗa wannan dush da babban kai mai kamar faranti. Ko kan dush na yau da kullum yana zubar da lita 12 zuwa 15 a minti guda. Wankan minti 10 ke nan ya ci lita 120 ko fiye, wato jarka 6 masu lita 20, alhali bokiti guda ya ishi mutum. A gari kamar Damagaram, da aka daɗe da sanin wahalar ruwansa, ko unguwar da ke dogaro da ƴan garuwa, wannan lissafi ne da ya kamata maigida ya yi tun kafin ya saya. Babban kai kuma na son ƙarfin ruwa, tankin da ke bisa rufi da mita 3 kacal ba zai tura shi yadda ake so ba. Ƙaramin kai mai tiyo, wanda ake riƙewa a hannu, ya fi amfani ga mai wanka a zaune.

A watannin Disamba da Janairu, wurin da ba shi da ƙofa ba ya riƙe ɗumi, tsoho kuwa ba ya shiri da iskar asuba. A lokacin bazara kuma ɗan ruwan da ke kwance cikin maƙogwaron rariya, wanda shi ke toshe wari da kyankyaso, yakan bushe idan an kwana biyu ba a yi amfani da ɗakin ba. Moɗa guda ta ruwa a zuba lokaci-lokaci ta wadatar.

Kafin a biya magini

Mai gina sabon gida shi ya fi samun sauƙi, domin tun a tushe zai sa a rage tsawon daɓen wurin wanka, a binne tiyo mai faɗin milimita 50 da gangarensa. A tsohon gida sai an fasa ƙasa, a bene kuma wani lokaci babu zurfin da zai ɗauki rariyar. Wurin kada ya gaza mita 1,20 bisa santimita 90. A kafa ƙarfen riƙewa a bango da ƙusoshi masu ƙarfi, domin marataya tawul ba ta ɗaukar nauyin mutum. Idan akwai na'urar ɗuma ruwa ko makunnin wuta, a nisanta su daga fallatsa, a kuma tabbatar an haɗa wayar ƙasa.

Sannan a gwada kafin a rufe. Bayan an shafa maganin hana yoyo ya bushe, a toshe rariya, a tara ruwa a wurin ya kwana ya wuni, a duba bayan bango da ƙasan bene. Bayan an jera karo kuma, maigida ya ɗauki bokiti da kansa ya watsa a kowace kusurwa, ya tsaya ya ga inda ruwan ya nufa. Idan ya nufi ƙofa, kada a biya cikon kuɗi sai an gyara.

Inna ta dawo bana lokacin sanyi. Ta shiga da sandarta, ta zauna bisa kujerarta, ta yi wanka ba tare da ta kira kowa ba. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya kuma haɗa mu da magina masu riƙon amana.