Pamela Ronald: Masaniyar Da Ta Gano Yadda Shinkafa Ke Gane Cuta

Duk mai amfani da kwamfuta ya san yadda manhajar kariya daga bairos take aiki. Tana riƙe da jerin alamomin mugayen manhajoji, da zarar ta ga fayil mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu sai ta tare shi. Tsirrai ma suna da tsari mai kama da wannan, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya yadda yake aiki ita ce Farfesa Pamela Ronald ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a ƙasar Amurka.

Cutar da ta sa a gaba ita ce ta ƙonewar ganyen shinkafa, wadda bakteriya mai suna Xanthomonas oryzae ke haddasawa. Ganye yakan fara yin rawaya daga gefe, sannan ya bushe, kuma idan cutar ta yi tsanani manomi kan iya rasa rabin amfanin gonarsa. Masu bincike sun lura cewa wata shinkafar daji da aka samo daga ƙasar Mali, wadda manoma da yawa ke ɗauka a matsayin ciyawa, tana jure wa wannan cuta. Masana a cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin, sun haɗa ta aure da shinkafar noma, juriyar kuma ta bi 'ya'yan. Sai dai babu wanda ya san takamaimai abin da ke ba ta wannan ƙarfi.

A shekarar 1995 Ronald da abokan aikinta suka ware ƙwayar gadon da ke da alhakin hakan, wato Xa21. Ita ce ke ba da umarnin ƙera wani furotin da ke zaune a jikin fatar ƙwayar halittar shinkafa kamar mai gadi a bakin ƙofa. Ɓangarensa na waje yana gane alamar bakteriyar, na ciki kuma yana aika saƙo don tsiron ya tashi kare kansa. Cikin 'yan shekaru aka gano cewa ƙwari da dabbobi, har da ɗan Adam, suna da furotin masu irin wannan gini a garkuwar jikinsu.

Abin da ya rage shi ne gano alamar da mai gadin ke gani. A 2009 ɗakin bincikenta ya wallafa amsa a mujallar Science. Bayan wani lokaci sabbin ma'aikatanta suka kasa maimaita sakamakon, bincike ya nuna cewa an yi kuskuren laƙabi a wasu samfuran bakteriya, kuma hanyar gwajin ba abin dogaro ba ce. A 2013 ta janye maƙalar da kanta, ta kuma yi bayani a bainar jama'a. A 2015 tawagarta ta dawo da amsar da ta tsaya, wato wani ƙaramin furotin mai suna RaxX. Masu rubuta manhaja sun san darajar wannan hali: idan ka ga matsala a aikinka, ka sanar da masu amfani da shi kafin su ɗora nasu a kai.

Tasirin aikinta ya isa gona. Da aka san Xa21, masu inganta iri suna iya duba ƙwayoyin gadon ƙaramin tsiro su san ko ya gaji juriyar, ba sai sun jira cuta ta gwada shi ba. Haka kuma ta yi aiki da David Mackill da Kenong Xu wajen gano Sub1A a 2006, ƙwayar gadon da ke sa shinkafa ta rayu kusan mako biyu a ƙarƙashin ruwa. Miliyoyin manoma a Indiya da Bangaladash suna shuka irin da ke ɗauke da ita, kuma a 2017 Najeriya ta fitar da FARO 66 da FARO 67 masu jure ambaliya.

A 2022 aka ba ta lambar yabo ta Wolf a fannin noma. Tun a 1996 ta kafa wani asusu a jami'arta domin a mayar da wani kaso na ribar Xa21 ga Mali. Tambayar da asusun ya taso da ita tana nan har yau: idan iri ya fito daga dajin Afirka ya amfani duniya, wane rabo mutanen wurin za su samu?