Sabon Sinadarin Sola Da Makomar Masana'antar Gora

KEFFI — Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Keffi a 'yan shekarun nan ba zai kasa lura da yadda farantan sola suka yawaita a kan rufin kantuna da masaukan baƙi da gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa ba. Dalilin kuwa a fili yake. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai shago sai ya yi lissafi kafin ya ja igiyar janareta, wutar gwamnati kuma ba ta zama abin dogaro ba tukuna.

Sai dai kusan dukkan farantan nan daga ƙasar Sin ake shigo da su. Ƙididdigar da cibiyar Ember ta fitar ta nuna cewa a watanni 12 da suka ƙare a Yunin 2025, Nijeriya ta sayo farantan da ƙarfinsu ya haura megawat 1,700 daga Sin, wato ita ce ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Da dala ake biyan kuɗin kowanne.

Domin rage wannan kwararar kuɗi ne, a watan Maris na 2023, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya aza harsashin masana'antar ƙera ƙwayoyin sola ta hukumar NASENI a Gora, a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, aikin da aka ƙiyasta zai ci sama da dala miliyan 170. Hukumar ta riga ta buɗe wata masana'anta a Karshi, inda ake harhaɗa faranti da ƙwayoyin da aka sayo daga waje. Manufar ta Gora ita ce a fara daga tushe, wato daga silikon.

Aikin silikon kuwa ba wasa ba ne. Daga farin yashi ake tace shi, a narkar da shi a zafin da ya haura digiri 1,400, a ƙera shi dunƙule, sannan a yanka shi falle-falle. Kowane mataki yana cin wutar lantarki mai ɗimbin yawa, kuma ba ya jure ɗaukewarta. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Sin take riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na sana'ar a duniya. A daidai nan ne ya kamata mai zuba jari ya san labarin wani sinadari da ake kira ferobskait.

Asalin sunan na wani dutse ne da masanin ma'adinai Gustav Rose ya gano a shekarar 1839 cikin samfuran da aka samo daga duwatsun Ural na Rasha. Amma wanda ake magana a kansa yau ba haƙo shi ake yi ba. Haɗa shi ake yi a ɗakin gwaji daga dalma da aidin da wasu sinadarai, ƙwayoyin zarrarsa suna jeruwa irin na wancan dutse. A 2009, Farfesa Tsutomu Miyasaka na Japan ya gwada shi, ya mayar da kashi 3.8 cikin 100 na hasken rana zuwa lantarki. A 2012 aka kai kimanin kashi 10, a yau kuma an haura kashi 26. Silikon sai da ya shafe shekaru aru-aru na bincike, kusan sittin, kafin ya kai nan.

Abin da zai fi jan hankalin ɗan kasuwa shi ne yadda ake sarrafa shi. Narkar da shi ake yi ya zama kamar tawada, a shafa a kan gilashi ko roba, a busar a zafin da bai wuce digiri 150 ba. Kaurin shafen bai kai kashi ɗaya cikin 100 na kaurin fallen silikon ba. A 2015 masana a birnin Zurich na Suwizalan suka nuna yadda za a dafa shi ya fito ƙwayoyi mitsi-mitsi, waɗanda sai an jera dubbansu kafin su kai kaurin gashi guda. Idan aka sauya girman ƙwayar ko kayan haɗinta, sai launin hasken da take kamawa ya sauya, kamar yadda marini yake sauya launin zane. Shekara guda bayan haka, masu bincike a Amurka suka yi ƙwayar sola da su, ta haura kashi 10 cikin 100.

To, ko wannan zai binne masana'antar Gora tun kafin ta tsaya da ƙafarta? Bisa ga dukkan alamu, a'a. Hanyar da manyan kamfanoni suka bi ita ce ɗora shafen ferobskait a kan silikon, na sama ya kama shuɗin haske, na ƙasa ya kama ja. Silikon shi kaɗai ba zai iya wuce kimanin kashi 29 ba, komai gwaninta, amma kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 34.6 da wannan goyo a ɗakin gwaji a 2024. A Satumban shekarar kuma kamfanin Oxford PV ya aika wa wani abokin ciniki a Amurka farantan farko na kasuwa, waɗanda aka yi ƙwayoyinsu a Jamus, masu kashi 24.5. Ashe wanda ya iya silikon shi ne zai fi saurin cin moriyar sabon.

Amma fa akwai cikas, kuma a ƙasarmu zai fi tsanani. Ferobskait ba ya shiri da danshi, ba ya shiri da zafi. Farantin silikon ana ba shi garanti na shekara 25, shi kuwa wannan bai yi shekarun da za a tabbatar da hakan a fili ba. Rufin kwano a Keffi cikin watan Maris, da ruwan Agusta, da ƙurar hunturu, jarrabawa ce da ta bambanta da ta Jamus. A ganinmu, nan ne jami'o'inmu suke da abin sayarwa, domin gwajin farantai a irin wannan yanayi ba ya bukatar biliyoyi, kuma masu ƙerawa suna bukatar sakamakonsa.

Sai batun dalma. Wadda take cikin murabba'in mita guda ba ta kai giram ɗaya ba, amma tana narkewa a ruwa idan faranti ya fashe, ga shi tsarin tattara tsofaffin kayan lantarki bai kafu a garuruwanmu ba. Ƙasar da ta rasa yara aƙalla 400 sakamakon gubar dalma a Zamfara a 2010 ba za ta ɗauki wannan da sauƙi ba. Ana ƙoƙarin maye gurbin dalma da kuza, wadda akwai ta a yankin Keffi da Wamba da Udege, sai dai na kuza bai kai na dalma ƙarfi ba, kuma iska tana saurin ɓata shi. Kada kuma masu haƙa su sa rai da yawa, domin abin da ake bukata kaɗan ne, kuma tataccen gaske.

A halin da ake ciki, farantan da suke kantunanmu na silikon ne, kuma farashinsu a kasuwar duniya ya faɗi ƙwarai a 2023 da 2024. Mai injin niƙa ko mai sayar da ƙanƙara da yake bukatar wuta bana ba shi da dalilin jira. Wanda kuwa zai zuba jari a harhaɗa faranti, ya tambayi mai sayar masa da injuna ko za su karɓi ƙwayoyi masu hawa biyu. Dillalin da aka kawo wa faranti da sunan sabon sinadari kuma, ya nemi takardar gwajin zafi da danshi da rubutaccen garanti kafin ya biya ko kwabo.